Gaba Talatin a Bagega

Gaba talatin na sauka a ramin Bagega,
igiya a ƙugu, tocila ɗaure a goshi,
gumi na tsiyaya har cikin takalmin roba.
Na ɗauka na kusa ƙure ƙasa.

Kulu ta zo hutu daga Anka,
ta ji ina wannan cika baki, ta yi dariya.
Ta ɗora goruba a tafin hannuna:
"Baba, ko jan ɓawon nan ba ka huda ba.
Ƙarƙashinsa dutse ne mai kauri, mai zafi,
yana tafiya irin ta tsiron farce.
Can ƙasa narkakken ƙarfe ke kewaya,
sannan ƙodago a tsakiya,
ya fi kowa zafi, amma nauyi ya hana shi narkewa."

Na ce, wa ke iza wutar?
Ta ce, tun farko take, hucewa ce ba ta gama ba.
Ta nuna tukunyar talgen uwarta:
na ƙasa ya ji wuta ya taso,
ya sha iska, ya yi nauyi, ya koma.
"Haka dutsen yake, sai dai shi
kafin juyi ɗaya, an manta sunan Zamfara."

Washegari na sauka shiru.
Lawali na kira daga baki, ko na ga jijiya?
Na ajiye diga,
na manna kuncina a jikin dutse.
Ɗumi kaɗan, kamar cikin akuya mai barci.

Subhanallahi.
Shekara goma sha ɗaya ina neman zinari
a murfin tukunya.