Kwalba Uku a Rumfar Gidaɗo

A Kumo, bayan tashar mota,
inda Gidaɗo ke ɗinke wa rediyo hanji,
aka jera mini kwalba uku bisa benci.
Suka ce, "Malam, kai ke koyar da kimiyya,
ruwan azurfa ne, kowa da hannunsa.
Raba mana gardama kafin la'asar."

Ta farko ta mai rumfar ce.
Waya biyu ta azurfa zalla,
batir a jere, tataccen ruwa daga kemis,
da haƙuri irin na mai jiran tsohon bashi.
Yakan zauna yana goge baƙin da ke taruwa a waya
kamar mai share wa jinjiri hanci.
Ruwansa garau, da ɗan rawaya-rawaya,
shayin da aka yi wa rowar ganye.

Ta biyu ta Hammayo maƙerin fari.
Shi ba ya jira.
Munduwar gyatumarsa ya raba biyu,
ya ɗebo na rijiya, ya barbaɗa gishiri
don aiki ya yi sauri,
ya jona cajar waya, ya tafi sallah.
Ya dawo ya tarar da kamu.
Kwana ɗaya a bakin taga, kamu ya koma toka,
ƙasan kwalba ya yi laka mai kore-kore,
don munduwar ma ashe
da jan ƙarfe aka cika mata nauyi.
Shekara hamsin tsohuwa na taƙama da ita.

Ta uku ta Adda Petel mai daddawa.
Ba batir, ba waya.
Tsohuwar dala ta jefa a randa,
ta rufe da faifai, ta ƙirga kwana arba'in.

Na ce a saki labule.
Na ari tocilan Gidaɗo, na haska ta gefe.
A tasa, haske ya ratsa siriri,
zare guda daga bango zuwa bango.
A ta Hammayo ya shiga ya ɓata
kamar ɗan akuya a gonar dawa.
A ta Adda bai bar sawu ba.
Ruwa ne. Ruwan randa, mai sanyi,
dala na kwance a ƙasa ba ta ba da komai ba.

Hammayo ya ce tocilan na da ubangida.
Adda ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

Sai da Gidaɗo ya miƙo hannu zai karɓi abinsa
na ga farcensa.
Ba baƙin dalma ba ne, na san wannan.
Wani shuɗi ne mai duhu, daga ciki,
launin hadari kafin ya zubo.
Ya yi murmushi, dasashinsa ma haka.
"Cokali nawa?"
"Biyu, safe da dare. Bana shekara uku."
"Ƙwayar hawan jinin fa?"
Ya dubi rediyo.

Na ce, azurfa ta san hanyar shiga jiki,
hanyar fita ce ba ta koya ba.
Sabulu ba ya kai wa inda ta kwanta.
Mai tsabta da mai laka,
ba wadda zan kira magani.
In dole sai na ba da kambu,
na Adda ne, tata kaɗai ke kashe ƙishi.
Gobe Laraba, zan zo da babur,
asibiti za mu, ka sa riga mai kyau.

Ladan ya kira. Hammayo ya tuttule tasa a kwata,
ya tsaya yana juya guntun munduwa a tafi.
Gidaɗo ya cusa hannu biyu a aljihu,
ya raka ni har bakin titi.
Can ya ce, a hankali,
"Amma dai tawa ta fi kyau, ko?"

Na ce, "Ta fi kyau, Gidaɗo.
Ƙarfe takwas."