Gonar Nitai a Jikin Bango

A Khulna, a wani ɗaki mai farin bango,
an rataye gonar Nitai da ƙusa biyu.
Shinkafar tana nan kore shar,
ba ta san gishiri ba tukuna.

Shi kuwa ya shigo da takalmi a hannu,
ya ɗauka wurin ibada ne.
Mai gadi ya ce, "Kada ka taɓa."
Ya yi murmushi.
Shekara talatin yana taɓa ƙasar nan
da tafin ƙafa, da gwiwa,
da goshi ranar da santsi ya kayar da shi,
yau an ja masa igiya.

Mai zanen, Shefali, ta taho da sauri:
"Kawu, na kama ta kuwa?"
Ya matsa, ya ƙanƙance ido.
"Bishiyar kwakwar tana hagu.
Kuma saniyar ba ta kai haka ƙiba ba."

Bai gaya mata ba
cewa teku ya haura madatsa da dare,
ya kwana, ya ƙi tafiya
kamar baƙon da ya gano inda rumbu yake;
cewa inda ta zuba koren fenti
yanzu ƙaguwa yake kiwo.

A ƙasan allon akwai 'yar takarda, an rubuta kuɗi.
Ya ƙirga sifilin sau biyu, leɓensa na motsi.
Damina huɗu ke nan, masu albarka.

Da za a rufe ƙofa
ya koma, ya sunkuya,
ya shinshina zanen.
Mai. Katako. Babu ƙamshin laka.

Kwalekwalen ƙarshe yana tashi ƙarfe shida.