Cibiya a Gidan Haya

Ba ki da suna tukuna, sai dai Baƙuwa.
Ni ma baƙuwa ce a wannan aiki.
Abin da na fi kallo a jikinki
ɗan guntun nan ne mai danshi,
da matsin roba a bakinsa
kamar na rataye shanya.

A asibiti Nas Boatemaa ta ɗaga mini yatsa:
wanke hannu da sabulu, shafa wannan,
lanƙwashe ƙunzugu ƙasa, bari ta sha iska.
Ban da toka. Ban da gishiri. Ban da man goge baki.
Ta faɗa da yarensu,
ta maimaita da Hausar da ta tsinta a Asawase,
har sai da na yi dariya ɗinkina ya amsa.

Washegari Gwaggo Tasalla ta sauko daga motar Bawku
da kanwa, da daddawa, da man kaɗe a gwangwanin madara,
da wani tsumma da wuta ta ci gefensa.
Cibiya tara na gasa da shi, in ji ta.
Ta shiga ƙirga su a yatsu.
A na shida ta ɗan dakata.
Ban tambaya ba. Duk danginmu sun san yaron
da ya saki nono rana ta biyar,
haƙarƙari ya sandare, baki ya ƙi buɗuwa,
aka ce iska ce ta gitta.

Da magariba ta hura kurfoti a bakin ƙofa.
Ruwan Kumasi na dukan kwano
kamar mai bin bashi.
Ta ɗora tsumma. Na ji ƙaurinsa.
Yaya ake ce wa hannun da ya yi miki wankan farko
tsaya?

Sai na ce, Gwaggo, hannuna rawa yake,
ga maganin, ke ki shafa mata.
Ta juya shi. Ta shinshina.
Ta ce abin da ba ya wari ai ba magani ba ne.
Shiru ya yi tsawo, gawayi na ƙara ja.
Can ta ce, miƙo sabulun.
Ta wanke har gwiwar hannu, kamar mai alwala,
ta sunkuya kanki da bisimilla.
Tsumman kuwa a bayana ya sauka,
ta danna har na kira sunan mahaifiyata.

Daga nan kullum tana leƙawa:
ba ja, ba ruwa, ba ɗoyi.
Ya ƙanƙance, ya yi baƙi kamar busasshiyar kuɓewa.
Maƙwabta na cewa suna ya matso, ba ta faɗi ba?
Gwaggo ta ce, wa ya aiko ku? Ba tsere take ba.

Daren suna na kwance zaninki
na same shi a gefe, ya sake ki ba sallama.
Na tsince shi a tafin hannu. Bai kai tsinken goro nauyi ba,
amma wata tara da shi na ciyar da ke.

To, ina za a binne?
Ta kakanmu tana wani gari da ban taɓa gani ba,
tun zamanin fataucin goro.
Tawa tana Bawku, bayan rumbu.
Nan Aboabo mu 'yan haya ne,
tsakar gidan siminti, bayan ɗaki lambatu.

Maame Konadu mai gidan ta ji mu.
Ba ta ce komai ba, ta ɗauko adda,
ta kai mu lungun da agadenta yake,
taku biyu na jar ƙasa tsakanin bango da tanki.
Gwaggo ta haƙa, na saka, muka rufe.

Gobe a tashe mu, ko kuɗin haya ya kore mu,
ko ki girma ki tafi inda ba na jin yarensu,
in an tambaye ki ina ne gida,
kar ki yi in-ina, Baƙuwa.
Akwai agade a Aboabo
da ya san ki tun ba ki da suna.