Biyu Cikin Uku

Saƙon ya same ni a tashar bas ta titin Cherry,
shida saura kwata, na taso daga aikin dare,
yatsuna sun ƙage, da ƙyar wayar ta yarda da su.
Babu zagi a ciki, har da gaisuwa:
"Corwin Tabor, muna fatan kana lafiya.
An dakatar da tallafin karatunka."

Dokokin uku ne, na haddace su kamar lambar gida.
Makinka kada ya sauka ƙasa da biyu.
Kada ka daɗe ka cinye wa'adi da rabinsa.
Duk kwas ukun da ka ɗauka, ka haye biyu.
Maki ina da shi, wa'adi da saura,
ta ukun ce ta shaƙe ni.

Tara na ɗauka, biyar na ci.
Huɗun nan ban faɗi ko ɗaya ba, janyewa na yi,
amma sikelin bai san bambanci ba.
Da wanda ya yi barci da wanda aka kira daga gida,
kujera kawai ya gani babu kowa.

Litinin, Laraba, Juma'a: wankin ƙoda.
Awa huɗu uwata na kishingiɗe jikin inji,
ni a gefe, littafin kimiyya a cinya,
ina maimaita layi ɗaya sau bakwai,
kunnena na kan injin ko ƙararsa za ta sauya.
Ajin ƙarfe tara ba ya jiran kowa.
Sun yi mini gargaɗi bara, ban musa ba.
A wannan kujerar na karanta, na ninke, na cusa a littafin.

Madam Wisniewski, taga ta uku,
tabarau rataye a wuya, kofi ya huce a gabanta.
Ba ta ce sannu ba, takarda ta miƙo.
"Koke za ka rubuta. Tambaya biyu ce:
me ya faru, me ya sauya. Ka haɗo da shaida.
Kwamiti ba ya karanta hawaye,
kwanan wata yake karantawa."

Ta farkon na cika shafi har na juya baya.
Ta biyun kwana tara muna kallon juna
a teburin kicin.

Me ya sauya?
Safiyata ta dawo hannuna.
Babu tarin da ke tashina kafin gari ya waye.
Keken guragun ma mun mayar wa asibiti.
Ta yaya zan gaya wa mutum biyar da ban taɓa gani ba
cewa abin da ya tare mini hanya
mun binne shi ranar sha ɗaya ga Janairu,
a ƙasar da sanyi ya sa sai da inji ya fasa?
Ita ta matsa mini na shiga makarantar nan.
Yau ita ce dalilin tsayawata,
ita ce kuma hujjar a bar ni in dawo.

Layi ɗaya na rubuta.
Na maƙala takardar mutuwa, wadda na biya kuɗin hatiminta.

Madam ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.
Ta jawo fensir ta yi lissafi a bayan ambulan.
"Uku a jere, babu janyewa.
Takwas cikin goma sha biyu ke nan, ka taka layin.
Kada ka ɗauki huɗu don kana jin haushi."
Ta buga tambari. "Kwana goma, ban da Asabar da Lahadi."

Kogin Maumee ya daskare daga gaɓa zuwa gaɓa.
A bas na buɗe littafin, babi na shida,
gargaɗin bara ya zamo ya faɗi kan takalmina.
A bayansa rubutunta ne, mai karkata hagu:
sunan magani biyar, da lokutansu,
a ƙasa kuma, "Tuna masa yana da jarrabawa Alhamis."
Ban san wa ta rubuta wa ba.
Yau saura kwana shida.