Tsakanin Tambaya da Tambaya

A fadamar Auyo na binne wayoyi biyu
cikin fangalin albasar Kawu Barau,
na haɗa su da ɗan allo, bai kai kwalin ashana ba.

Laima ba ta san lamba ba.
Hawa take, sauka take, kamar numfashin mai barci.
Shi kuwa allon sai ya ce: nawa?
Ya jira daƙiƙa goma, ya sake cewa: nawa?
Ɗari shida da arba'in.
Ɗari shida da talatin da tara.
Abin da ya faɗa tsakanin lamba biyu
sai ya tura shi ga ta kusa,
kamar mai awo yana share bakin mudu.

Da injin ban-ruwa ya tashi, lambobin suka haukace.
Na tara goma, na raba gida goma, suka natsu.

Kawu ya cusa yatsa har gaɓa biyu,
ya ce, "Gobe da almuru."
Allon ya ce azahar.
Muka saki ruwa da la'asar.

Abin da ƙasa ta faɗa tsakanin tambaya da tambaya,
har yau ban san wa ta gaya wa ba.