Asabar a Hanyar Giwa

Ana sallame asuba muka hallara,
mu bakwai, ƙarƙashin gadar Kwangila,
kowa na latsa taya da babban yatsa
kamar mai cinikin mangwaro.

Barau ne a gaba, shi ke sare mana iska.
In ya kaɗa gwiwar hannu, sai na karɓa.
Gayya ce:
kowa ya ja kunyarsa, ya koma baya.

Samaru na barci muka ratsa ta.
A gangaren Shika ba ka jin komai
sai numfashin na bayanka.

Can tayar Iliya ta sace.
Ba wanda ya wuce. Ba ma barin namu a hanya.
Muna tsugune da gam da guntuwar roba
sai ga dattijo kan tsohon Rali,
damin rake a bayansa.
Ya dubi hulunan kwano, ya dubi matsattsun wanduna:
"Samari, me kuka ɗauko?"

Ba komai, Baba.
Giwa za mu, mu sha shayi, mu juyo.

Ya girgiza kai,
ya zaro mana kara guda, ya taka.

Sai da muka hango Giwa
muka cim masa.