Igiya Huɗu da Tamfol

Kafin ladan ya yi gyaran murya
na riga na ɗaga bonet
ina ba tsohuwar ruwa da jarka.
A-kori-kura ce, ta girmi ɗana na fari,
ba ta tashi sai da lallashi,
sai Sallau ya sa mata kafaɗa
mun gangara layin masu ƙosai,
ta yi tari uku, sannan ta amsa sallama.

A Panteka muke jiran rabo.
Lodin farko kwanon rufi bandir shida
da katako, za a kai Rigasa,
can inda kwalta ta gaji ta bar mu da laka.
Mai kayan na gaba a kan babur,
“Nan kusa ne,” in ji shi.
Na san nan-kusan mutanen garin nan,
lita uku take sha.

A Bakin Ruwa mai kaki ya ɗaga hannu.
Takardu cif, taya da sauran rai,
sai ya zagaya baya ya ce katako ya leƙo.
Na ce, ranka ya daɗe, katako ba ya lanƙwasuwa.
Ƙarshe ni ne na lanƙwasu.

Da azahar ina tsakiyar shinkafa da wake
waya ta yi ƙara: kwashe ɗaki, a Kakuri.

Baba Shekari ne, shekara ashirin da shida a masaƙa,
har ranar da aka sa wa ƙofar kwaɗo.
Mai gida ya ƙara haya,
’yarsa ta share masa ɗaki a Sabon Tasha.
Ni ba a ba ni labarin mutum,
kayansa nake ɗaurewa:
gadon ƙarfe, kujera mai ƙafa uku da bulo ɗaya,
keken ɗinkin marigayiya,
agogon bango da kamfani ya ba shi,
ya tsaya, amma babu ƙura a jikinsa.
Duka duka ba su kai rabin bodi ba.
Igiya biyu ta isa, biyu suka huta.

Na buɗe masa gaba, ya ƙi.
Ya hau baya ya rungume agogo a cinya.
Da muka zo katangar masaƙa
ya buga rufi da tafi.
Na sassauta. Bai ce komai ba.
Ciyawa ta kai ƙugun ƙofa,
awaki na kiwo inda dā kekuna ke cika.
Na bayanmu na ta hon, na bar su suna yi.

Sai hadari ya taso daga gabas babu sallama.
Tamfol ɗina kuwa na da ƙofofi fiye da gidan haya.
Ta madubi na hango Sallau,
yaron da ko sannu sai an roƙa,
ya tuɓe riga ya lulluɓe agogon
ya zauna yana karkarwa.

Da aka sauke, dattijon ya ƙirga kuɗi sau biyu,
ya rage ɗari bakwai.
Ya buɗe akwati ya ciro yadi biyu na atamfa,
“Saƙarmu ce, ta ƙarshe.”
Na so in ƙi. Hannuna ya riga ni.

Yanzu ga mu a kan gada, kogi ya cika ya yi ja,
mota babu kaya ta fi surutu.
Balas ɗin mai mota ba ruwansa da ruwan sama,
na ware nasa, na ware na mai,
na ba Sallau na sabulu da tuwo.
Abin da ya saura ya shige aljihu babu gardama.

Atamfar na kan dashbod.
Delu za ta tambayi nawa na saya.
Sallau na naɗe igiya a gwiwar hannu,
yana tunasar da ni birki ya fara kuka.
Na ji shi tun Laraba.